Ma'aunin Kawu Da Eriyar Da Ke Nuna Yatsa

Kawuna ma'ajin sito ne a wani kamfanin casar shinkafa da ke gefen Birnin Kebbi, kuma abin da ya fi tayar masa da hawan jini wata 'yar na'ura ce da ba ta kai kwanon sha girma ba, wato ma'aunin danshi. Da ita ake gwada shanshera kafin a karɓa. Shinkafar da aka yanko daga fadama takan zo da danshi sama da kashi 20 cikin ɗari, kuma sai ta sauko wajen kashi 14 ake yarda a jibge ta, in ba haka ba ta ɗau zafi ta lalace a cikin buhu. To ga mota ta tsaya a bakin ƙofa, direba na ta huci, manomi na jiran kuɗinsa, ma'auni kuwa wani ya ɗora shi kan tulin buhuna ya tafi salla. Sai a tashi yara uku neman abu ɗaya.

Da ya ji labarin wasu 'yan maɓallai da ake manna wa kaya waya ta riƙa nuna inda suke, sai ya aika a kira ni, tunda ni ne ɗan gidan da ke hawa tsani yana ɗaura wa mutane Wi-Fi. Muka manna maɓallin Bluetooth a jikin ma'aunin, muka kafa na'urorin saurare huɗu a kusurwoyin siton. A lokacin babu kaya sosai, abin ya yi kamar zai yi. Da girbi ya shigo buhuna suka doshi rufi, sai ɗigon da ke kan fuskar waya ya fara yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ran nan ya nuna ƙofar gabas. Kawu ya taka har can da ƙafarsa, ya dawo ya iske ma'aunin a kan teburin awo, taku biyar daga inda ya tashi.

"Injiniya," ya ce, don haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "wanga abu naka, shi ma sai mun ɗaura mai wani da za shi nemo shi?"

Ban ji haushi ba. Maɓallin lafiyarsa ƙalau. Tambayar da muka yi wa igiyar rediyo ce ba ta dace da irin wannan gini ba, kuma sai da na koma karatu kafin na gane haka.

Kowa yakan fara da cewa, to ina GPS? Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kafin saƙonsu ya iso ya gama galabaita. A fili, inda waya ke hango aƙalla taurari huɗu, tana gane inda kake da kuskuren 'yan mitoci. Da ka shiga ƙarƙashin rufin kwano ƙarfe ya tare saƙon, ɗan abin da ya kutso ta ƙofa kuwa ya riga ya bugi bango biyu ko uku. A cikin gini dole ka kafa taurarinka da kanka.

Mu hanyar da muka bi ita ce mafi arha, auna ƙarfin saƙo. Hankali ya ɗauka, ai muryar na kusa ta fi ta na nesa. A fili fetal in nisa ya ninka biyu, ƙarfin igiya yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka daga ƙarfi ana iya ƙiyasta nisa. Sai dai ba nisa kaɗai ke rage ƙarfi ba. Igiyar da Bluetooth ke hawa, mai kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa, ruwa yana shanye ta, jikin ɗan'adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Ɗan dako guda ya gitta tsakanin maɓalli da na'ura, ƙarfin na iya faɗuwa kamar an ninka nisan. Haka buhun shanshera mai danshi. Na'ura ba ta san an gitta ba, ita dai ta ji murya ta yi ƙasa, sai ta ce abin ya yi nisa. Tun a shekarar 2000 masu bincike na Microsoft suka fito da wata dabara a tsarinsu mai suna RADAR: a bi gini taku-taku ana rubuta ƙarfin saƙo a kowane wuri, daga baya a riƙa kwatantawa. Sun sami kuskuren mita 2 zuwa 3. A ofis wannan na iya riƙe ka, tunda bango ba ya tashi. A siton Kawu bangon buhuna ne, na wannan mako daban, na mako mai zuwa daban.

Amma uwa-uba ita ce amsa-kuwwa. Bangon langa-langa, rufin kwano, ginshiƙan ƙarfe, jikin tirelar da ta shigo lodi, duk madubai ne a wurin igiyar rediyo. Maɓalli ya yi kira sau ɗaya, na'ura ta ji shi sau da yawa: ɗaya ya zo kai-tsaye, ɗaya ya bugi rufi ya sauko, ɗaya ya zaga ta jikin mota. Dattawan da suka saba da sauraren gajeren zango sun san abin nan ko ba su san sunansa ba. Muryar mai karanta labarai daga Landan ta taso, ta nutse, ta sake tasowa, alhali ba wanda ya taɓa rediyon. Igiyoyi ne da suka biyo hanyoyi daban-daban ta sararin sama, wani lokaci su taru su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Mita 16 da mita 19 da ake faɗa a ƙarshen shiri tsawon zangon igiyar ne, wato daga wannan tudu nata zuwa tudu na gaba. Zangon igiyar Bluetooth santimita 12.5 ne kacal. Ke nan ka gusar da maɓalli faɗin yatsu uku ko huɗu, za ka iya fitar da shi daga inda igiyoyi ke taruwa ka kai shi inda suke kashe juna. Ɗigon Kawu bai yi hauka ba, abin da ya ji yake faɗa.

Wasu suka ce a bar ƙarfi a auna lokaci. Igiyar rediyo tana cin santimita 30 a cikin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don haka in ka san tsawon lokacin da saƙo ya yi ya je ya dawo, ka san nisa. An shigar da wannan cikin ƙa'idar Wi-Fi a 2016, wayoyin Android kuma suka fara ɗaukarsa daga Android 9 a 2018, ana samun kuskuren mita ɗaya zuwa biyu in wuri ya yi kyau. Nan ma amsa-kuwwa na nan tana jira. Iya rarrabe kira na asali da kuwwarsa ya danganta ne da faɗin layin da ake magana a kai. A layi mai faɗin megahaz 20 (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa), duk kiraye-kiraye biyu da bambancin hanyarsu bai kai mita 15 ba sai su cakuɗe. A megahaz 80 abin ya sauko ƙasa da mita 4. Fasahar UWB, wato rediyo mai layi mai faɗin gaske, wadda Apple ya sa a iPhone 11 a 2019 kuma maɓallinsa na neman kaya AirTag ke amfani da ita tun 2021, layinta megahaz 500 ne, tana rarrabewa har zuwa santimita 60.

Saura tambaya ta uku, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Ba "ƙarfinsa nawa" ba, ba "yaushe ya iso" ba. Daga wane ɓangare ya fito?

Wanda ya taɓa riƙe tsohuwar rediyo yana neman Kaduna a matsakaicin zango ya san sai an juya ta. Ka karkata ta nan murya ta fito rangaɗau, ka karkata can ta ɓace ɗif. Akwai wani ɗan baƙin sanda a cikinta da aka naɗe da waya, shi ne eriyar, kuma yana da gefen da yake ji da gefen da ba ya ji. Dish ɗin talabijin ma haka yake, sai an saita shi da hannu. Abin da injiniyoyi ke kira bimfomin, ni kuwa zan ce saita igiya, shi ne a sami wannan juyawar ba tare da an juya komai ba. Maimakon eriya ɗaya babba, sai a jera ƙanana da yawa, a riƙa wasa da lokacin da kowace ke buɗe baki.

Je ka bakin Matan Fada a Argungu ranar da ba biki, ruwa ya kwanta. Jefa tsakuwa ɗaya, zobba za su bazu ko'ina daidai wa daida, kamar hasken fitilar ƙwai. Jefa biyu a tare, inda tudun wannan ya gamu da tudun wancan ruwa ya yi tozo, inda tudu ya gamu da kwari ya lafa. Da za ka iya jefa takwas a jere cikin ƙiftawa ɗaya, za ka ga zobban sun haɗe sun zama layi guda miƙaƙƙe yana tafiya gaba, a gefe kuwa sun cinye juna. Fitilar ƙwai ta zama tocila.

Karkatar da tocilar kuwa, 'yan gayya sun fi kowa saninta. In an jeru a bakin gona kowa ya sa fartanya lokaci guda, sahu zai tafi a miƙe. In na farko ya fara, na biyu ya jinkirta taku ɗaya, na uku taku biyu, haka har ƙarshe, sahun yana nan a jere amma ya zama a karkace, fuskarsa ta koma wani ɓangare. Ba wanda ya canza wurin tsayuwa, jinkiri kawai aka raba. Haka ake yi wa eriyoyi, kuma da yake lantarki ne ke raba jinkirin, ana iya sauya fuskar sau dubbai a daƙiƙa. Dabarar ba ta yau ba ce. Bajamushen nan Karl Ferdinand Braun ya gwada ta da eriya uku tun 1905, shi ne wanda ya raba kyautar Nobel da Marconi a 1909. Na'urorin hango jirage na soja ne suka daɗe suna cin moriyarta, kafin ta yi arha ta sauko cikin akwatin Wi-Fi na gida, musamman daga ƙa'idar 802.11ac ta 2013.

A wajen neman abu, amfanin ya fi yawa in aka juya dabarar ta koma saurare. Allah Ya yi mana kunne biyu, kuma in an kira ka daga dama sautin yana riga isa kunnen dama da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da wannan ɗan bambanci kake juyawa wajen mai kira ko idonka a rufe yake. Yanzu ɗauki eriya biyu da tazarar santimita 6 da ɗoriya, rabin zango ke nan. In maɓalli yana tsaye sak a gabansu, igiya za ta iso musu tare. In ya karkata digiri 30, sai igiyar ta ƙara tafiyar santimita 3 kafin ta kai eriya ta biyu. A lissafin lokaci wannan kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na daƙiƙa, ba agogo mai arha da zai kama shi. Amma santimita 3 rubu'in zango ne. Lokacin da eriya ta farko ke kan tudu, ta biyu tana tsakiyar gangara, kuma wannan bambancin taku ko ƙaramin guntun lantarki yana auna shi cikin sauƙi. A nan dabarar take gaba ɗaya: abin da ya gagari agogo, taku ya tona shi.

Da eriya da yawa, na'ura sai ta shiga gwaji a cikin lissafi. Ta ce, da daga digiri 10 saƙon ya zo, ga jinkirin da ya kamata in gani a kowace eriya, bari in warware shi in tara in ga. Ta gwada 11, ta gwada 12, har ta zagaye. Inda tarin ya yi tozo, akwai kira daga can. Abin da ke fitowa ba lamba ɗaya ba ce kamar da, hoto ne mai tozo-tozo: ga na kai-tsaye, ga na rufi, ga na jikin tirela. A da duk an dama su wuri guda kamar fura da nono, yanzu an kasa su kashi-kashi kamar tumatir a kasuwa. Akwai lissafin da ya fi wannan kaifi, wanda ya fi shahara shi ne wanda Ralph Schmidt ya fitar a 1979 ake ce masa MUSIC (ba ruwansa da kiɗa, haruffan farko ne na dogon suna). Kuma da an gane ɓangaren da wata kuwwa mai naci ke fitowa, ana iya tsara tarin yadda na'ura za ta toshe kunne daga can, kamar yadda tsohuwar rediyon nan ke ɓatar da tasha in an karkata ta. Wannan yana taimaka wa awon lokaci ma, don kira na asali yana fitowa fes.

To wane tozo ne na gaskiya? Nan ne na fi daɗewa ina tuntuɓe, domin zuciya tana cewa mafi tsayi. Ba lallai ba. In tulin buhu ya ɗan tare hanyar kai-tsaye, kuwwar da ta bugi rufin kwano na iya fin ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Alamomin da ake bi guda uku ne. Hanyar kai-tsaye ita ce mafi gajarta, don haka ko ta zo a raunane ita ke fara isowa. In maɓalli ya ɗan motsa, tozonta yana nan kusan inda yake, na kuwwa kuwa sukan yi tsalle. Sannan in na'urori uku ko huɗu kowace ta nuna yatsa, yatsun gaskiya suna haɗuwa a wuri guda, na ƙarya kowa ya kama gabansa. Da irin waɗannan dabaru masu bincike a University College London suka gina tsarin ArrayTrack a 2013, suka sami kuskuren santimita 23 a cikin ofis. A 2015 na Jami'ar Stanford suka nuna SpotFi, wanda ya kai santimita 40 da katin Wi-Fi na kasuwa mai eriya uku, ta hanyar haɗa kusurwa da lokaci.

A watan Janairun 2019 aka shigar da neman kusurwa cikin Bluetooth 5.1. Maɓalli yana gama saƙonsa sai ya ja wani sauti miƙaƙƙe marar lanƙwasa, tsawonsa bai wuce kashi 160 cikin miliyan na daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan lokaci faifan saurare, wato na'urar da aka jera wa eriyoyi da yawa, yana tsallake daga eriya zuwa eriya yana ɗiban taku. Kyawun tsarin shi ne duk wahalar tana kan faifan da ke rufi, maɓalli kuwa eriyarsa ɗaya, batirinsa irin na agogo, ya yi watanni bai mutu ba. Ana iya juya shi kuma, faifan ya zama mai magana, waya ta zama mai lissafi, wanda ya fi dacewa da mai neman ɗakin awo a babban asibiti ko ƙofar shiga jirgi. Kamfanin Quuppa na Finland, wanda tsofaffin masu binciken Nokia suka kafa a 2012, ya riga ƙa'idar fara sayar da irin waɗannan faifai.

Duk wannan daɗin baki ne in ba a zo kan lissafin kusurwa ba, kuma lissafin ba ya da tausayi. Kuskuren digiri ɗaya a nisan mita 10 santimita 17 ne. Digiri biyar ya doshi santimita 90. Mu da muke fuskantar alƙibla sau biyar a rana bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Daga Birnin Kebbi zuwa Makka kusan kilomita 3,900 ne, wanda ya karkace da digiri ɗaya a kan dardumarsa, kafin layin ya isa can ya kauce fiye da kilomita 60. Ba fatawa nake ba, lissafi ne, hukunci na malamai ne. Abin nufi, kuskuren kusurwa yana girma da nisa, don haka faifan da ya yi abin a-zo-a-gani a ɗakin gwaji mai mita biyar ba shi ne zai yi haka a ƙarshen dogon sito ba.

Kaifin saiti kuma yawan eriya ke kawo shi. Jeri mai eriya 4 faɗin harshensa, wato faɗin hasken tocilar nan, wajen digiri 26 ne, mai 8 wajen 13, mai 16 ya ɗan haura 6. Amma eriya 16 a jere a zangon Bluetooth kusan mita guda ne, sanda ke nan ba faifai ba. In aka hau igiya mai kaɗawa sau biliyan 60, zango ya koma milimita 5, eriya 16 ɗin nan su shige cikin santimita 4. Sai dai irin wannan igiya tafin hannu ma yana tare ta, balle buhu. Kowace riga da inda take matsewa. Kuma kada wani ya ce bari ya buɗa tazarar eriyoyi don ya sami kaifi a ɓagas. Da tazara ta wuce rabin zango sai tozon bogi ya fara ɓullowa, na'ura ta ga ɓangare biyu da suka yi mata daidai. Jeri miƙaƙƙe ma ba ya bambanta gaba da baya, shi ya sa faifan kirki ake shirya eriyoyinsa a zagaye ko a murabba'i, a kafa shi a rufi yana kallon ƙasa. Daga sama ya fi samun hanyar da ba a tare ba, kuma yana ba da kusurwa biyu, ta zagaye da ta gangara. In an san tsayin da maɓalli yake, faifai ɗaya ma na iya faɗin wuri. A sito kuwa ba a sani ba, yau ma'auni na kan tebur, gobe yana kan buhu na goma sha biyu, don haka sai biyu ko uku sun gan shi tare.

Akwai abin da ba lissafin da zai gyara. In ma'aunin ya faɗa tsakanin tuli biyu, hanyar kai-tsaye ta toshe gaba ɗaya, abin da faifai zai ji kuwwa ce zalla, kuma zai nuna ta da cikakken ƙarfin gwiwa. Maganin wannan ƙarin faifai ne a saman kowace hanya da ke tsakanin tuli, ƙarin faifai kuwa ƙarin waya ne da ƙarin kuɗi da ƙarin wuta. Kowane faifai sai an ja masa wayar intanet mai ɗauke da lantarki, kuma a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, in ba a haɗa shi da sola da batir ba an sayi ado ne. Ga kuma kafawa. Faifan bai san gabas ba sai an gaya masa. Ya karkace da digiri uku wajen ɗaurawa, ko tsanin wani ya buge shi daga baya, duk abin da ke nisan mita 15 zai kauce da kusan santimita 80, kullum ta gefe guda, ba kuma wata ƙara da zai yi ya sanar da kai. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka, ƙarfe yana miƙewa da rana ya koma da dare. Ni dai ba zan ɗaura faifai a jikin kwanon kansa ba, sai a kan ƙarfen da ke ɗauke da rufin.

Game da lambobin da masu sayarwa ke rubutawa a takarda, a riƙa tambaya. Santimita 23 na ArrayTrack lambar tsakiya ce, ma'ana rabin gwaje-gwajen sun fi haka kyau, rabi sun fi haka muni. Wanda ke neman abu ba ranar sa'a ce ta dame shi ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce, a gwaji goma, tara sun faɗo cikin mita nawa, kuma a wane irin gini aka gwada.

Wani abokin aikina ya ce mu jira 5G kawai. Yana da hujja. Manyan eriyoyin 5G saita igiya ne aikinsu na yau da kullum, suna share unguwa da harsuna ɗaya bayan ɗaya, waya tana faɗin wanda ya fi haska ta, daga nan an san ɓangarenta. Ƙa'idar 5G ta 2020 ta sa burin kada kuskure ya wuce mita 3 a cikin gini ga kashi 80 na wayoyi, ta 2022 ta matso ƙasa da mita ɗaya, har santimita 20 ga masana'antu. A Najeriya MTN ya fara aiki da 5G a 2022. Amma waɗancan lambobi na inda aka kafa ƙananan tashoshi ne a cikin ginin kansa. Dogon ƙarfen sabis da ke bakin titi, rufin kwanon da ya hana GPS shiga shi ma zai sha da shi.

Da labarin ya bazu a siton, sarkin 'yan dako ya tare ni a bakin ƙofa.

"Ɗan Alhaji, an ce har mu za a rataya muna abin ga?"

Na ce masa a'a, kuma na gaya wa Kawu ba da hannuna ba. Na'urar da ta iya gano ma'auni ta iya ƙirga minti nawa mutum ya yi a bayan gida. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, amma ko babu ita, bin sawun baro da bin sawun mai tura baro ba ɗaya ba ne.

Na koma wurin Kawu da zane a takarda, ina ta bayanin santimita. Ya saurara har na gama, sannan ya tura hularsa baya.

"Ɗana, mi zan yi da santimita? A ce mani layi na bakwai, gefen yamma. Sauran idona ya yi."

Wannan ya rage aikin ƙwarai. Layukan siton suna da tazara, kuskuren mita ɗaya ba zai tsallaka da mutum wani layi ba, kuma faifai masu matsakaicin kaifi a saman hanyoyin sun isa, ba sai an sa UWB ba. Mun shirya za a aro faifai uku a gwada a rabin siton tukuna. Na riga na ɗiga jan fenti a wuri talatin a kan daɓe, na auna kowanne da tef daga ginshiƙin ƙofa, na rubuta a littafin Kawu na shigar kaya, shafin baya. Za a ajiye ma'aunin a kowane ɗigo sau uku: yanzu da siton ke rabi, sai in ya cika, sai kuma ranar da tirela ke ciki ana lodi. Na ukun ne Kawu ya ce a kira shi ya tsaya a kai da kansa, kuma a bari sai shansherar Suru da Bunza ta fara sauka, don ita ce ke zuwa da ɗanyenta.